Wasiƙa daga unguwar Nima ta Accra a kan maganin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce in riƙa sayen maganinsa na hawan jini da na suga a nan Accra in aiko Kano, ko zai fi araha. Ban ga amfanin haka ba.

Yawancin maganin da ke hannun 'yan sari a kasuwar magani ta Okaishie daga Indiya da Sin yake zuwa, ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma da dala ake biya. Naku ma haka ne, ta Legas. Mai shigo da kaya zai lissafa kuɗin jirgi, na fito da na rajista a hukumar kula da magunguna ta Ghana, wato FDA, ɗan sari ya ɗora ribarsa, mai kemis ya ɗora tasa. Kuma ba kuɗin da ya saro ɗan kasuwa yake dubawa ba, kuɗin da zai sake sarowa yake dubawa. Shi ya sa da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi a 2022, har maganin da ya daɗe a kantar kemis sai da ya tashi. Kun ga irin haka da naira a 2023, shekarar da kamfanin magani na GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya, magungunansa Augmentin da Ventolin suka yi tashin gwauron zabi.

Sauƙin yana cikin sunan magani. Norvasc na hawan jini sunan kasuwa ne, sinadarinsa amlodipine; Glucophage na suga kuma sinadarinsa metformin. Kamfanoni da yawa suna yin su da sunan sinadarin, nasu kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Ku nemi likita ya rubuta sunan sinadarin, ku tabbata miligiram ɗin ɗaya ne, 5 ko 10 a amlodipine, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Aikowa kuwa, kwalin da ba shi da lambar NAFDAC ana iya ƙwace shi a Seme, iyakar Najeriya da Benin, ga kuɗin mota, ga zafin hanya. Insulin, allurar suga, in ba a buɗe shi ba dole ya zauna cikin sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana rage masa ƙarfi, in ya daskare ma ya lalace, kuma ba lallai ido ya gane ba, sai dai a ga suga ya ƙi sauka. Don Allah kada a yi wasa da wannan.

Kuɗi zan turo ƙarshen wata, ku saya a kemis mai lasisi. Ka turo min hoton takardar likita ta WhatsApp in duba. A gaida Inna da yara.

Ƙaninka