Wasiƙa kan idon auta

Assalamu alaikum, mutumina,

Wato sai da ciwo ya zo ka tuna kana da aboki? Na yafe, amma bashin amsoshin wasiƙuna yana nan a wuyanka. Ya jikin auta? Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara muku juriya kai da mamanta.

Ka ce ban da sankarar jinin da ake mata magani, tana gani dishi-dishi da ido ɗaya. Kada ku jira ranar komawa asibiti. Ka kira likitan jininta yau, a haɗa ku da likitan ido ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ya leƙa can ciki. Karanta haruffa a bango bai wadatar ba, kuma wannan ba maganar tabarau ba ce.

Abin da aka fi gani a masu sankarar jini shi ne zubar jini a tantanin bayan ido. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, filatilet, a gwajin jinin mai lafiya suna tsakanin 150,000 da 450,000. Idan suka sauko ƙasa da 50,000, ga kuma ƙarancin jini, sai ƙananan jijiyoyin wurin su fara yoyo. Wannan da sauƙi. Yawanci ba a taɓa idon, jini da filatilet ake ƙarawa, abin da ya zuba ya shanye da kansa cikin makonni ko watanni. Amma ko kanta na ciwo, ban da asfirin da ibufurofen, ƙara zubar suke yi.

Abin tsoron shi ne jijiyar ido, wadda ke kai gani ƙwaƙwalwa. Ido da ƙwaƙwalwa suna da shingen da ke tare yawancin magungunan da ake sawa ta jini, shi ya sa cutar kan laɓe a can ko da gwajin ɓargo ya nuna ta lafa. In ta kama jijiyar, gani kan tafi cikin kwanaki, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Za su ɗauki hoton cikin kai da ake kira MRI, su ɗebi ruwan laka ta gadon baya, su zuba magani ta nan, wani lokaci har da gasa wurin da na'ura. Kada ka hana. Kai da ganin allura ma ke sa ka zufa, ka zauna a waje, mamanta ta fi ka zuciya. Ku riƙa duba idon da rana: in wani fari-fari ya kwanta a ƙasan baƙin idon, ko idon ya turo waje, ko ciwon kai ya zo da amai da gani biyu-biyu, ko tsakar dare ne ku tafi.

 

Magungunan sankarar su ma suna da nasu illolin ga ido. Sitarabin mai ƙarfi yana sa ido ja, da raɗaɗi, da gudun haske, don haka ake fara ɗiga deksametason, maganin rage kumburi, a ido kafin allurar farko, duk awa 4 zuwa 6, a ci gaba kwana biyu ko uku bayan ta ƙarshe. Nan ake yawan kuskure, da an cire ƙarin ruwa sai a ajiye kwalbar. Firednisolon na dogon lokaci yana kawo yanar ido da hawan jinin ido, wanda ba ya ciwo, sai awo. Awon ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21. Binkiristin kan sa fatar ido ta sauko, yawanci takan warware in an rage shi. Tunda garkuwarta ta yi ƙasa, jan ido da zazzaɓi ko ƙuraje a goshi ɓangare ɗaya ba abin jira ba ne, kuma kada a ɗiga mata ragowar maganin kowa.

Ka turo min sunayen magungunanta da sakamakon gwajin jini na ƙarshe. Ka ɗauki hoton takardar, don rubutunka ko likita ba zai karanta ba. Ka gaida Hajiya, ita kam tana amsa saƙo.

Naka,
Abokinka