Jabu ya biyo mu har cikin ƴan jiragen ƙasanmu na kan tebur

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan bani fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai. Duk sanda jarida ta taɓo maganar jabun kaya zaka ji magani, waya, turare, kuma daidai ne, amma akwai wani lungu da ba mai leƙawa, wato lungunmu mu masu tara ƙananan jiragen ƙasa da ƴan motocin ƙarfe, da ƴan uwanmu masu rainon tsofaffin motoci. Nasan wani zai kwashe da dariya yace ƙato da gemu yana wasan yara. To ya dara, mun saba, a gida ma ba ƙyale mu akayi ba.

Abin dai ba yau ya fara ba. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, a 1891 ya fito da ɗan jirgi da ake yi wa wani kamar agogo, da layin dogo da ake jonawa gaɓa gaɓa. Kamfanin Lionel a Amurka ya fara a 1900. Shi kuma Frank Hornby na Liverpool, mai kayan wasan harhaɗa ƙarafa na Meccano, ya fara jiragen Hornby a 1920 sannan ƴan motocin Dinky suka biyo a 1934. Kuma komai da ma'auninsa ba da ka ake yi ba, akwai HO wanda aka rage jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, akwai N sau 160 a kan milimita 9, sai ɗan mitsitsin Z sau 220 da Märklin ya kawo a 1972, kan jirgin gaba ɗaya bai wuce ɗan yatsa ba. Mutanen Ingila kuwa da nasu salon, OO ɗinsu sau 76 ne amma a kan layin HO yake gudu, dalili kuwa jiragensu na gaske ƙanana ne, da aka rage su sai injin lantarkin wancan zamanin ya ƙi shiga ciki, shine suka ƙara girman bodin suka bar layin yadda yake, har yau in kana son tada rigima a cikinmu to ɗauko wannan zancen. Wanda yake ganin wasan yara ne ya nemi bidiyon Miniatur Wunderland, katafaren gidan nunin ƴan jiragen ƙasa na Hamburg da aka buɗe a 2001, gani ya kori ji.

Ni dai ga yadda akayi min sakiyar da ba ruwa. Na ga wata ƴar Dinky a intanet, irin wadda na daɗe ina nema in ajiye a bakin tashar da na gina kan teburina, ga ta fes a hoto da kwalinta ruwan ɗorawa, launin kuma wanda ba a cika samu ba. Jikina har rawa yake na biya. Da ta iso na kwana biyu ina ta kallonta ina jin daɗi, sai na kai wa wani dattijo da ya riga ni shiga harkar da shekaru masu yawa, don in yi masa burga wlh, ba don ya duba min ba. Ko fentin bai kalla ba. Yace "yaro, juya min gindinta." Na juya. Yace "ka ga ƙusoshin nan biyu da suka riƙe farantin ƙasa? Na kamfani inji ne ya murje kansu, waɗannan kuwa an huda na asalin an cire, an liƙa wasu da gam." Ya sa farce ya ɗan taɓa ɗaya, sai gashi tana motsi. Ya shinshina motar ya miƙo min yace nima in shinshina, warin sabon fenti Malam Edita, a jikin abin da akace ya haura shekara sittin. Kwalin kuma ya buɗe bakinsa ya nuna min ciki fari ƙal, alhali tsohon kwali cikinsa yakan dafe yayi duhu, ya bani gilashin ƙara girma na duba rubutun sai ga ɗigo ɗigon firintar gida. Nace "Baba to yanzu ya zanyi?" Yace "ka biya kuɗin makaranta." Mai sayarwa kuwa ko sama ko ƙasa.

Motar ita kanta tsohuwa ce ta gaske, nan ne wayon yake. An samo wadda ta kwarzane ba mai so, an wanke fentin, an fesa mata launin da ake rububi, an sa sabbin tayoyi an buga kwali, shikenan. A harkar nan launi da kwali sune kuɗin, mota ɗaya da kwalinta na asali da wadda ba kwali tazarar dake tsakaninsu ba kaɗan bace. Baban ya ƙara min da wani karatu, yace da yawa cikin na kafin yaƙin duniya na biyu ƙarfensu na tutiya ya gauraya da dalma, shekaru na tafiya yana kumbura yana tsattsagewa da kansa kuma ba magani, don haka in ka ga ta wancan lokacin sumul ba tabo to ka ƙara buɗe ido.

Kar a fahimce ni a baibai, ni ba na faɗa da kwaikwayo. Kamfanin Atlas Editions sun sake buga tsofaffin samfuran Dinky da izini, a China aka ƙera kuma an rubuta haka ɓaro ɓaro a gindin motar, ina da guda uku ina son abina. Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Wanda nake kuka dashi shine mai sa magagari ya goge rubutun ya ɗan tsufar da ita yace gadon kakansa ce.

A manyan motoci abin ya fi haka muni don kuɗin yafi yawa. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Mercedes 300 SL mai ƙofofi kamar fukafukai guda 1,400 ne tsakanin 1954 da 1957. A 2022 an yi gwanjon wata 300 SLR, cikin biyu tak da ake dasu masu rufi, a kan Yuro miliyan 135. Inda irin wannan kuɗi yake yawo ai dole ɓarawo ya kwana da shiri. Shelby Cobra ta asali bata wuce dubu ɗaya ba amma na kwaikwayo sun ninka ta nesa ba kusa ba, mafi yawa masu su basa ɓoyewa, to amma akwai masu buga lamba. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 da muka sani yanzu sai 1981 ta zama tsari ɗaya, kafin nan kowane kamfani da yadda yake buga tasa, wannan ya ba maƙaryata ƙofa. Mota ɗaya tayi haɗari, wani ya sayi injin wani ya sayi ragowar ƙarfen da lambar take kai, bayan shekara ashirin sai ga motoci biyu kowacce na rantsuwa ita ce. Shi yasa Ferrari da kansa ya buɗe sashen Classiche don tantancewa ya bada shaida. Mu ƙananan ƴan kallo kuwa dabararmu maganaɗisu ne, ka bi jikin bodi dashi, inda ya ƙi kamawa to an cika wajen da foti an rufe da fenti, sai dai in bodin alminiyom ne nan dabarar bata aiki.

Ni tawa asarar ta kuɗi ce da ɗan jin kunya. Amma mai tsohuwar Peugeot 504 ko Beetle da aka sayar wa jabun takalmin birki a kwali mai tambarin kamfani fa? Beetle sama da miliyan 21 aka ƙera kafin a tsaya a Meziko a 2003, har yanzu da yawa suna kan titi kuma kullum suna neman kayan gyara, mai jabu ya san da haka. Jabun fulogi bakinsa yana iya narkewa ya faɗa cikin inji ya kashe maka injin da ka shekara kana haɗawa, birki kuwa ba sai na faɗa ba. Rahoton ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da ofishin kare haƙƙin fasaha na Tarayyar Turai na 2019 yace a 2016 jabun kaya sun kai kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, wajen dala biliyan 509, kaga ba mu kaɗai bane.

Sai dai abin da yafi ƙona min rai, kuma shine dalilin wasiƙar nan, mu kanmu muna da hannu. Wanda aka cuta baya faɗa. Kunya yake ji kar ace duk iliminsa an yi masa wayo, sai yayi gum, bayan wata shida ya fito da kayan ya sayar wa wani sabon shiga da labarin da aka bashi har da ƙari. Haka jabu ɗaya zata ratsa hannu biyar, kowane hannu yana ƙara mata asali, na biyar ɗin ma da zuciya ɗaya yake rantsuwa don shi bai sani ba. Ba zan ɓoye maka ba nima shaiɗan ya raya min haka, har na ɗauki hoton motar ta gefen da ƙusoshin basa fitowa, sai da na kalli hoton naga ai irin wanda aka yaudare ni dashi ne sak, na goge.

Roƙona Malam Edita, ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata a ba masu irin wannan sha'awar, wanda aka cuta ya aiko hoton kayan ya nuna inda ƙaryar take ba sai an kama sunan kowa ba, ni zan fara da tawa. Tana nan na ajiye ta a mararrabar layin dogo tana jiran jirgin kaya ya wuce, na liƙa ƴar takarda a gindinta na rubuta "an sake fenti, kwalin ba nata bane" saboda ko bayan raina yara suka tashi sayarwa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai karatunku a kullum