Wasiƙa zuwa ga Abba bayan fitowarsa daga asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana ƙara samun sauƙi, kai da iyalinka kuna lafiya, ina sanar da kai cewa ni da mahaifiyarka mun iso Funtuwa lafiya tun ranar Asabar da la'asar. Na so ƙwarai mu zauna mu yi wannan magana baki da baki kafin mu taso, amma gidanka bai rabu da 'yan dubiya ba, kuma akwai maganar da bai dace uba ya yi wa ɗansa mai shekara 46 a gaban abokan kasuwancinsa da 'ya'yansa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin abin da aka rubuta ana iya ajiye shi a koma masa a ranar da zuciya ta fara sakaci.

Yaron shagonka ya ba ni labarin yadda abin ya faru filla-filla. Ya ce kun dawo daga sallar azahar, kana rubuta wa wani baƙo daga Maraɗi lissafin shadda, sai biro ya suɓuce daga hannunka na dama, ka yi ƙoƙarin ɗauka yatsun suka ƙi, bakinka ya karkace, maganarka ta sarƙe har ba ya gane abin da kake faɗa. Kafin awa guda kusan komai ya dawo daidai, kai kuma ka ce gajiya ce, a kai ka gida ka kwanta. Allah Ya saka wa maƙwabcin shagonka da alheri da ya ƙi sauraronka, ya sa ka a mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, inda aka tarar jininka ya kai 190 bisa 115, alhali na mai lafiya bai kamata ya yi nisa da 120 bisa 80 ba. Ina tsaye likita ya yi bayani cewa jini ne ya ɗan daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwarka sannan hanyar ta buɗe, kuma irin wannan yakan zo ne a matsayin gargaɗi kafin cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki, musamman a kwanaki da makonnin da suka biyo baya. Na lura a lokacin hankalinka yana kan waya, kana tambayar ko an sauke diloli, saboda haka nake maimaita maka.

Ka san sunan mahaifina ka ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Abin da ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba shi ne yadda ya rasu. A shekarar 1976, 'yan watanni bayan kisan Janar Murtala, ya fito daga masallaci da asuba ya faɗi a bakin zaure, kuma a lokacin bai girme ka da shekara goma ba. Mutane suka ce iska ce ta buge shi, aka yi ta turare da shafe-shafe, ba wanda ya yi tunanin awon jini, domin a ƙauyenmu ba a ma san da shi ba. Ya yi wata bakwai a kwance, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da ludayi yana zubowa ta gefen bakin da ya mutu, mutumin da yake saɓa buhun dawa shi kaɗai ya koma ba ya iya korar ƙuda daga fuskarsa. Da na shiga ɗakin da aka kwantar da kai na ga bakinka da ɗan sauran karkata, shi na gani. Hawan jini yana bin zuriya: ya kama shi, ya kama ni, yanzu ga shi ya kama ka, kuma ya kamata ƙannenka duka su je a auna su.

Babban abin da nake jin tsoro ba ranar da abin ya same ka ba ce, domin wannan ta wuce da ikon Allah. Ina tsoron wata biyu ko uku masu zuwa, lokacin da za ka ji garau, kanka ba ya ciwo, ƙafarka tana taka ƙasa da ƙarfi, sai zuciya ta raya maka cewa ka warke, ka bar ƙwayoyin a aljihun mota. Wannan ciwo ba shi da zafi kamar haƙori, ba ya zuwa da zazzaɓi kamar cizon sauro. Mutum zai yi shekaru jininsa yana sama yana cin kasuwarsa, alhali a ɓoye jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da idanu suna lalacewa. Maganin da aka ba ka ba ya tumɓuke ciwon, yana danne shi ne kawai muddin kana sha, ranar da ka daina kuwa zai koma inda yake. Na san wannan a jikina. Shekara biyu bayan an gano nawa, wani mai tallan maganin gargajiya a ranar kasuwa ya sayar mini da gari a ƙullin leda, ya rantse cewa sati uku ya isa in rabu da hawan jini har abada. Na ajiye na asibiti na kama nasa, ina jin daɗin jikina, har ranar da jiri ya kayar da ni a banɗaki, mahaifiyarka ta ji ƙarar buta ta rugo. Tun daga ranar ban sake tsallake kwana ɗaya ba, kuma ƙwayata tana nan kusa da carbina, ina idar da sallar asuba nake haɗiya. Ka zaɓi lokaci guda kamar haka ka ɗaura shan maganin a kan abin da ba ka taɓa mantawa da shi.

Idan maganin ya dame ka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Akwai wanda yake sa ƙafa ta kumbura, akwai mai kawo busasshen tari, kuma duk likita yana da wanda zai musanya maka da shi idan ka faɗa masa. Haka nan ka bar al'adar nan taku ta 'yan kasuwa ta aika yaro kemis ya sayo maganin ciwon jiki duk yamma, domin irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini kuma suna cutar da ƙoda, ballantana ga wanda aka riga aka ba maganin tsinka jini. Idan azumi ya matso, ka koma wurin likita tun cikin Sha'aban ya tsara maka yadda za ka riƙa sha tsakanin sahur da buɗa baki. Za ka ji masu cewa zoɓo da tafarnuwa da zogale suna sauke jini. Ba na musun cewa suna da amfani, ni ma ina shan zoɓo marar sukari, amma ba su maye gurbin abin da aka rubuta maka.

Sai maganar tukunya, kuma a nan dole ka sassauta murya ka nemi taimakon maiɗakinka, domin gyaran daga madafa yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma wannan ya haɗa da duk wanda yake ɓoye a cikin abinci. Mu kuwa mukan zuba gishiri a miya, mu marmasa dunƙule huɗu ko biyar a kai, alhali shi kansa dunƙulen kusan rabinsa gishiri ne, sannan a kawo yaji a gefen kwano wanda shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule. Ka ƙara da burodin safe, da taliyar yara mai ƙunshin ɗanɗano, da kilishi, da kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka, wadda ita ma dangin gishiri ce a wurin jini. Lokacin da aka hana ni, mahaifiyarka ba ta ware mini tukunya ba, domin ta san wanda aka ware wa abinci a gidansa ba ya daɗewa bai saci na jama'a ba. Ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ga kowa da kowa, ta ƙara daddawa da albasa da citta da busasshen kifi, kuma kafin wata biyu harshenmu ya saba, har ya zama idan na ci abincin biki sai in ji kamar an ɓarar da gishiri a ciki. Ka roƙi ɗiyata, maiɗakinka, ta yi haka, ka kuma nuna mata ka gode, kada ka ɗanɗana miya ka ɓata fuska a gaban yara. 'Ya'yanka jinin nan ne a jikinsu, alherin zai same su tun suna ƙanana.

Abincin kasuwa shi ne ya fi ba ni damuwa, saboda can ba idon kowa. Na zauna a shagonka a Kantin Kwari sau da yawa, na ga yadda yininka yake tafiya: shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali huɗu da safe, shinkafa da mai da soyayyen nama da rana, lemon kwalba duk lokacin da baƙo ya zo, goro a baki tun hantsi, sannan a biya wurin mai tsire ko balangu a hanyar gida, a zo kuma a ci tuwo ƙarfe goma na dare a kwanta a kansa. Kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kusa cokalin shayi tara, kai kuwa na ƙirga maka huɗu a yini ɗaya. Likita ya ce sukarinka yana bakin iyaka, kuma idan ciwon suga ya haɗu da hawan jini, ƙoda tana cikin waɗanda suke biya. Ka je sashen wankin ƙoda ka ga magidanta sa'o'inka da suke zuwa sau biyu ko uku a mako, sun sayar da fili da mota. Ba na cewa ka haramta wa kanka abin da Allah Ya halatta. Ka sa a riƙa kawo maka abinci daga gida a kula, wake da alayyafo, ko faten tsaki da rama, ko dambun zogale, ka ba baƙo lemonsa kai ka sha ruwa, nama kuma ya zama na marmari, ka cire kitsen. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kuma tumbin da mutanenmu suke ɗauka alamar arziki ce, likitoci sun tabbatar kitsensa ya fi kowane kitse haɗari ga zuciya.

Game da motsa jiki ba zan tsawaita ba. Abin da masana suka ce shi ne minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, na tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa ka ji numfashinka ya ƙaru. Idan likita ya ba ka izini, ka fara da zagaya unguwa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ka riƙa zuwa masallacin da ya fi nisa da ƙafa. Kada kunya ta hana ka don wani zai ce Alhaji ya rasa mota.

Akwai kuma abin da ban ji likita ya tambaye ka ba, amma ni na sani. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ba ka yi barcin kirki ba. Maiɗakinka ta gaya wa mahaifiyarka cewa kana kaiwa ƙarfe ɗaya na dare da waya a kunne kana bin bashi da lissafin canji, sannan ka tashi da asuba. Ka ɗauki nauyin gidanka da namu da karatun 'ya'yan 'yar'uwarka, ba ka taɓa cewa ya yi maka yawa ba, kuma Allah Ya yi maka albarka a kan haka. Amma ina umartarka, a matsayina na mahaifinka, ka rage abin da kake aiko mana har sai al'amura sun daidaita, domin fanshona da abin da gona take bayarwa sun ishe mu. Ƙaninka ya shekara takwas a shagon, ya isa ka sakar masa makulli da littafin bashi ka riƙa tashi bayan la'asar. Abdullahi ɗan Amru ibada ce ya tsananta wa kansa da ita, duk da haka Annabi ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, to ina ga wanda kasuwa ce take hana shi barci?

Na ji ka ce wa masu dubiya kwana idan ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai ƙara wa kansa daƙiƙa guda. Sai dai kakanka bai mutu a ranar da ya faɗi ba, ya yi wata bakwai yana kallon rufin ɗaki, kuma irin wannan kwanciyar ce nake roƙonka ka yi iya ƙoƙarinka ka kauce mata, sannan ka bar wa Allah sauran, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi kafin ya yi tawakkali.

Ka tara maiɗakinka da manyan yaranka da yaran shago ka gaya musu cewa idan suka sake ganin bakinka ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne, su kai ka asibiti nan take ko da kana faɗa, kada a tsaya jiran gari ya waye ko a ɗura maka wani abu a baki, domin a wannan ciwo awannin farko su ne ake iya ceton ƙwaƙwalwa a cikinsu. Ka sayi na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ka zauna ka huta minti biyar kafin ka auna, safe da yamma, ka rubuta a ƙaramin littafi tare da kwanan wata, ka riƙa tafiya da shi duk ranar ganin likita. Idan kun zo hutun yara ka taho mini da littafin, zan ɗauko nawa mu duba tare.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce direban da zai shigo Kano ranar Laraba zai kawo daddawa da kuka da busasshen zogale, a ba maiɗakinka hannu da hannu. Ka gaishe mini da ita da jikokina duka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.