Wasiƙa daga Jidda: Maganar Gidan Haya

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Baba, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi.

Na ga hotunan gidaje ukun nan na Kano da muke son sayen ɗaya don haya, waɗanda ka turo ta WhatsApp, na kuma saurari saƙon dillalin har sau biyu. Bakinsa da zaƙi, amma la'adarsa yake nema. Kada ka ba kowa ko kafin alƙalami sai ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Mu fara da lissafi. Ɗauki na Rijiyar Zaki, wanda aka yi wa kuɗi naira miliyan 40. Sashe huɗu ne, ya ce kowanne zai kama 800,000 a shekara, wato miliyan 3.2 ke nan, kashi 8 cikin ɗari. Wannan lissafin dokin rano ne. Ɗora la'adar dillali kashi 5, miliyan 2. Ɗora kuɗin lauya da na takardu da gyaran farko, a ce miliyan 3. Gida ya tashi a kan 45. Sannan ka rage daga kuɗin hayar: sashe ɗaya ya zauna wata uku babu kowa, 200,000 ta tafi, kashi 10 na gyare-gyare, 320,000, kwasar sokawe da harajin ƙasa da ƙananan abubuwa, a ce 180,000. Abin da zai shigo hannu miliyan 2.5 ne. Shekara 18 kafin uwar kuɗi ta dawo. Haka za ka yi wa sauran biyun, da biro da takarda, ka turo mini.

Ka kuma tuna abin da ya faru da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 a shekarar. Kuɗin haya ba ya iya wannan gudun. Abin da ke riƙe darajar dukiya shi ne ƙasar da gidan ke kai, don haka unguwa da hanya sun fi tayil da fenti muhimmanci nesa ba kusa ba. Kuma a fili ɗaya, ciki da falo guda shida, kowanne da kicin da banɗakinsa, sun fi babban gida guda kawo kuɗi, idan ɗaya ya tashi biyar na biya. Kusa da Asibitin Malam Aminu Kano ma'aikata ba sa yankewa. Wajen sabuwar Jami'ar Bayero ma akwai kasuwa, sai dai ta ɗalibai ce: yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya yi, ɗakuna suka zauna da kwaɗo a ƙofa.

Sai takardu, kuma a nan nake so ka fi nutsuwa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. Shi ya sa sayar da gida mai satifiket, wato takardar haƙƙin zama ta gwamnati, ba ya cika sai da amincewar gwamna. Ka karɓi kwafin satifiket ɗin, ka ɗauki lauyanmu, wanda mu za mu biya, ban da wanda dillali zai kawo, ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, ya bincika fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan a banki ko a'a, akwai bashin harajin ƙasa, akwai shari'a a kansa. A kuma kira mai awo ya duba ko duwatsun iyaka sun dace da zanen da ke takarda. An sha sayar wa mutum gida da takardar filin maƙwabci. Ka nemi izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka tabbatar ginin bai ci hanya ko magudanar ruwa ba, ba ya kuma ƙarƙashin babbar wayar wuta. Rusau na 2023 a Filin Idi ya isa ishara: wurin da asalinsa na jama'a ne, ko da takarda a hannu, a kauce masa.

Na Ɗorayi awon igiya ne, takardarsa ta mai unguwa da dagaci ce kawai. Ba haramun ba ne, rabin Kano haka take zaune, amma farashinsa dole ya sauka, kuma sai an bi sarƙar cinikin tun daga mai gonar farko. Na ukun kuwa, da ka ce na gado ne, ba na so a taɓa shi sai an ga takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, har da wadda ke aure a wani gari. Mace guda da ba a tambaya ba ta isa ta tayar da ciniki bayan shekara goma, kuma da gaskiyarta.

Biyan kuɗi ta banki kawai, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda. Sunana a rubuta shi daidai yadda yake a fasfo. Zan aiko maka da takardar wakilci.

Jikin gidan kuma, da so samu ne a gan shi a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama da awa guda. Idan ba a samu haka ba, bango zai faɗa maka. Duba daga ƙasa zuwa gwiwa: in fenti ya kumbura, filasta na zubar da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga tushe don ba a shimfiɗa leda ba lokacin gini, kuma fenti ba ya maganinsa. In ka ga an yi sabon fenti a iya ƙasan bango, an ɓoye wani abu. Tsaga siririya a filasta ba komai ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace, har bakin mukulli na shiga cikinta, tushe ne ke zama, a bar gidan. Ka tafi da ƙusa ka karci bulo a inda ba a yi filasta ba. In yana zuba kamar garin kwaki, an cika masa yashi. Ka sa kafinta ya hau cikin silin da tocila ya duba katako saboda gara, ya ga ko haske na shigowa ta hujin kwano. Ka buɗe murfin sokawe da kanka. Ka auna tazararsa da rijiyar burtsatse, a so ta kai mita 30. In suna manne da juna, 'yan haya za su yi ta fama da taifot suna tashi.

Wuta: karɓi lambar asusun gidan na KEDCO, kamfanin rarraba wuta, ka je ofishinsu a duba. Tsohon bashi kan maƙale a asusun gidan ko da wanda ya ci shi ya tashi, kuma akan riƙa zare shi idan aka sa kati. A cire shi daga kuɗin ciniki. Kowane sashe da mitarsa, injin ruwa ma da tasa. Rabin faɗan gidan haya daga mita ɗaya yake tasowa, wannan na da firiza, wancan ƙwai biyu kawai yake kunnawa. Ruwa kuma ka lissafa lita 50 ga kowane mutum a rana: gida huɗu masu mutum shida-shida, lita 1,200, tankin 2,000 ya wadatar.

Yanzu 'yan haya. Gara ɗaki ya ƙara wata biyu a rufe da a saka wanda zai shekara biyu bai biya ba. Ka san sana'ar mutum, ka je wurin aikinsa ko shagonsa, ka tambayi mai gidan da ya baro, ya kuma kawo wanda zai tsaya masa. A nan Saudiyya ana rajistar yarjejeniyar haya a manhajar gwamnati mai suna Ejar, shi ya sa gardama take da wuya. Mu namu sai mu yi da takarda: kuɗi nawa, ranar shiga da ranar ƙarewa, mutum nawa za su zauna, ba ya saka wani a madadinsa, ba ya fasa bango. Ƙwan wuta, kan famfo da kwaɗo nasa ne. Rufi, sokawe da injin ruwa namu. Ka karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da mukulli, kowane biya kuma da rasit.

In ya ƙi biya, kada zuciya ta ɗebe ka ka cire ƙofa, ko ka yanke wuta, ko ka yaye kwano. Ranar da ka yi haka, wanda ake bi bashi ya koma mai ƙara. Ƙa'idar da aka saba, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata na wata ɗaya, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Kuskuren kwanan wata guda kan sa a koma farko, don haka lauya ne zai rubuta, ya kuma sa gajeren wa'adi a cikin yarjejeniyar tun farko. Ƙarin kuɗi a sanar wata uku kafin ƙarewa, kaɗan-kaɗan duk shekara. Ɗan haya mai biya a kan lokaci a sassauta masa, ya fi sabon da ba a sani ba.

Na san za a zo maka da maganar ɗan Kawu. Ka ce ni na hana. Dangi ba sa biya, kai kuma ba za ka iya kai su kotu ba, a ƙarshe a rasa kuɗi a rasa zumunci. In taimako ne, a ba shi daga ribar.

Buɗe asusu na gidan shi kaɗai. Kashi 10 na duk abin da ya shigo naka ne, ladan wahala, kada ka ji kunyar ɗauka. Wani kashi 10 a bar shi don gyara, ko biki ko suna kada a taɓa. Zakka ba ta hau kan gidan ba, sai kuɗin hayar da ya kai nisabi ya shekara. Ka rubuta ranar da kuɗin farko ya shigo.

Ka fara da binciken na Rijiyar Zaki, ka taya shi miliyan 35 ka ji abin da za su ce. Ka gaida Baba da Inna da kyau, ka ce dabino da zamzam na nan tafe a hannun masu Umara. A gaida amarya da yara.

Wassalam,
Yayanka