Zuwa ga Mai Sunan Malam, kan maganar da ka faɗa wa kawunka

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu nan gida lafiya lau alhamdulillahi, sai dai ƙafar nan ta Innarka da ta motsa saboda sanyi ya fara shigowa. Ƙanwarka ce take rubuta maka wannan a wayarta ni kuma ina faɗa mata, na ce ta sa yadda na faɗa kar ta gyara min komai, kuma kar ta je tana karanta wa mutanen gida.

Kawunka ya dawo daga Kano, ya ce ya same ka a Dawanau wajen masu lodin buhu, ka rame ka yi baƙi, ka ce masa kai kam ka gaji, da ma ruwan ambaliyar ya haɗa da kai ya tafi tare da shinkafar, kowa ya huta. Bai faɗa a gaban Innarka ba, sai da aka idar da isha'i ya ja ni gefe a bakin masallaci. Ka san ni ba mai yawan zama da kai muna hira ba ne, kai ɗan fari ne kuma sunan mahaifina gare ka, ko sunan naka ban taɓa kama shi da bakina ba, toh amma wannan magana ta wuce wajen kunya, dole in yi ta.

Ba zan ce maka abin da ya same ka ƙarami ba ne, wanda ya ce maka ƙarami ne bai taɓa noma da kuɗin mutane ba. Ni na shiga gonar da kaina a kwalekwale bayan ka tafi, shinkafar da ta fitar da kai har ta fara nauyi tana sunkuyawa, na sa hannu cikin ruwa na tsinko, ta yi laushi tana wari, ƙwayar tana murjewa a yatsa. Kuɗin haya, iri, taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago, duk suna ƙarƙashin ruwan nan, ga kuɗin aurenka da ka zuba a ciki ba ka gaya wa kowa ba amma ni na sani. Kuma ba sakaci ka yi ba. Kowa a ƙasar Haɗejia ya san yadda abin yake, in damina ta yi ƙarfi a sama Tiga da Challawa suka cika suka zubo, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa tun daga nan har Guri da Kirikasamma, ruwa ba shi da inda zai bi sai gonakin mutane. Haka aka yi a 2020, haka aka yi a 2022 da abin ya fi muni, tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa mutane suka koma kwana a makarantun firamare, a faɗin ƙasar nan sama da mutum 600 suka rasu a ambaliyar shekarar. Wasu gona suka rasa, wasu 'ya'ya suka binne.

Ku yaran yanzu in babba ya fara cewa a zamaninmu sai ku fara latsa waya, toh ka daure ka karanta. Ina yaro aka yi farin 1973, gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe. Ba a gama farfaɗowa ba a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, gyaɗar da ita ce kuɗin talaka, da ita ake biyan haraji a yi aure a sayi sutura, dalar gyaɗa da ake tarawa a Kano daga nan ta fara zama labari. Sannan 1983 cutar bushiya ta shiga shanu, Fulanin da muke zaune da su wasu masu garke suka wayi gari da sanda kawai, 1984 kuma aka yi yunwar da mutane suka sa wa suna 'Yar Buhari, ga fari ga canjin kuɗi ga boda a rufe. A lokacin na zama saurayi, na san abin da nake gani. Tafasa da yaɗiya muka ci har jikinmu ya gaji da su, in an samu ɗan ƙuli a kwaɗa in ba a samu ba gishiri kawai, dusar da ake ba akuya ita mata ke tankaɗewa su dama.

Abin da nake so ka ji a ciki shi ne abin da Malam ya yi, mai sunan naka. Akwai wani tulu a ƙuryar ɗakinsa ya cika shi da irin gero, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Muna kwana da yunwa tulun nan yana nan, kakarka ta yi kuka ta yi roƙo ta ce ko tiya ɗaya a ɗiba a yi wa yara kunu, ya ce a'a. Wallahi a lokacin haushinsa nake ji, ina ganin tsohon nan ba shi da tausayi. Shi ma fa ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, kuma ba wai ya san ruwa zai zo ba, babu wanda ya sani, mutane da yawa sun ci nasu irin sun kama hanyar birni wasu har yau ba su dawo ba. Da ruwa ya sauka ya fasa bakin tulun muka shuka, maƙwabta suna zuwa da ƙoƙo yana ɗiba musu. Ban taɓa jin ya yi wa wani wa'azi kan haƙuri ba a shekarar, ba shi da ƙarfin yin dogon zance ma, sallarsa yake yi ya gyara fartanya ya zauna. In an tambaye shi sai ya ce shi ma babansa ya ga Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, kuma ga shi an haife shi.

Kai ma akwai abin da ruwa bai ci ba, kana da lafiya, ka iya noma fiye da sa'anninka, injin ban ruwanka yana nan na sa an ɗauke shi kafin ruwa ya iso, kuma har yau babu wanda ya taɓa kiranka maci amana a garin nan. Wannan na ƙarshen shi nake tsoron ka ɓarar da hannunka.

Sai maganar fatan mutuwa. Ka yi allo ka sauke, ba sai na koya maka ba, amma baƙin ciki yana sa mutum ya manta abin da ya sani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya ce in ma ya zama dole sai dai ya ce Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka ɗauki raina in mutuwa ce alheri gare ni. Ka ga ke nan zaɓin ba a hannunka yake ba, kuma an san mutum zai iya kaiwa wannan matsayi shi ya sa aka koya mana abin da za mu faɗa. Ba a hana ka kuka ba. Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce shi Allah kaɗai yake kai wa ƙarar baƙin cikinsa, amma shi ɗin dai ne ya ce wa 'ya'yansa ku tafi ku nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Tsoho makaho, shekaru sun shuɗe, kowa ya ce masa ya haƙura ya manta, shi kuma yana cewa ku tashi ku je ku duba. Shi kansa Fiyayyen halitta Ƙuraishawa sun tsare su a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara uku ba saye ba sayarwa har suna cin ganye, suna fitowa ba da jimawa ba Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ta rasu, ya je Ɗa'ifa aka sa yara suka jefe shi da duwatsu har ƙafafunsa suka yi jini. Wannan wanda Allah ya fi so kenan, toh kar shaiɗan ya raya maka cewa ruwa ya ci gonarka don Allah ya yi fushi da kai ne.

An ce min ka daina zuwa jam'i. Ban ce ka zama waliyyi ba, ko ba ka jin komai a zuciyarka ka je ka tsaya a sahu, asuba musamman, wanda ya tashi asuba ya ga mutane ba ya kwana yana saƙa da warwara shi kaɗai har rana ta take.

Yanzu bashi, wanda na san shi ne ainihin abin da ya kore ka daga gari ba asarar ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ni ma da kake gani na ci na biya. Amma kashe waya da ka yi shi ne ɗanyen aiki, don mai kuɗi in ya kira ya ji a kashe ba ya cewa wayyo yaron nan yana cikin damuwa, cewa yake ya gudu da kuɗina. Alhajin da ya ba ka taki ya zo nan, ban ɓoye masa komai ba, na kai shi ya ga gonar da idonsa, ya yi shiru ya ce shi ba ɗan yau ba ne ya san ruwa, abin da ya ɓata masa rai kawai rashin jin bakinka. Allah ya faɗa a Baƙara cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, kuma Annabi ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa. Ka zo ka zauna gabansa ni da liman muna wajen, a rubuta abin da yake binka, a yanka yadda za ka riƙa biya bayan kowace kaka. Za ka ji kunya na awa ɗaya ne. Ka kuma lazimci addu'ar nan safe da yamma, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har ƙarshenta inda ake neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje, ka san ta.

Abu biyu kuma ina roƙonka don girman Allah. Kar ka bari abokan lodi su ba ka ƙwaya wai don ka ji ƙarfi ko ka manta damuwa, tiramol da ire-irensa, ka ga yadda suka mayar da yaran garin nan, ɗan gidan maƙwabcinmu da ya fi kowa ƙoƙari a makaranta yanzu a kasuwa yake kwana. Sannan maganar Agadas da Libiya da kawunka ya ce ya ji kuna yi, ka cire ta, masu kai mutane ba sa ba ka labarin waɗanda mota ta lalace musu a sahara ko waɗanda aka kulle ana kiran iyayensu su turo kuɗi. Ni ba ni da gonar da zan sayar in fanso ka, wadda ke akwai ta gado ce da ƙannenka a ciki.

In kuma ka ga barci ya ƙi zuwa, abinci ba ya shiga, tunanin nan na gara mutuwa yana ta dawowa ko bayan ka yi addu'a, toh wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne kuma ba hauka ba ne. Akwai asibitin masu kula da irin wannan a nan Dawanau kusa da kai, akwai kuma a Kazaure, ka gaya wa kawunka ya raka ka, babu wanda zai ji daga bakinmu. Ni mutumin ƙauye ne amma na ga wanda aka kai aka ba shi magani ya dawo yana nomansa. A haɗa da addu'ar da maganin.

Na san za ka ce zamaninku ya fi namu tsanani, fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zo ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, mai injin ban ruwa shi ya san zafin wannan. Ban musa ba, wani abin naku ya fi namu wuya, mu ba mu san sayen mai don a shayar da gona ba. Amma ruwa ya fara janyewa, kuma ƙasar da ambaliya ta kwanta a kai tana barin laka mai kyau, alkama tana son ta. Daga tsakiyar Nuwamba ake shuka in an wuce Disamba an makara, zafi zai same ta tana fure ta ƙi cika. Na bar maka gefen fadamata na wajen gabas ba haya, kawunka ya ce zai ba da buhun iri a biya shi in an girbe wajen Maris ko Afrilu, akuyoyi biyu na Innarka ta ce a kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi a sayi mai da kuɗin, na ce mata ta bari ta ƙi, ka san halinta. Taki ne ban san inda za mu samo ba tukuna, akwai na gida da na tara amma ba zai isa ba.

Injin yana buƙatar a canza masa fulogi da tiyo ɗaya da ɓera ya ci, ka sayo su a nan Kano sun fi araha, inci uku ne tiyon. Direban motar kasuwa zai taho da kai ranar Asabar na riga na yi masa magana, kuɗin mota in ka iso a ba shi.

Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya yaye maka, ya mayar maka da mafi alheri.

Wassalam,
Mahaifinka.