Sanarwa ga ƴan rukuni kan aikin tallafa wa juna

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah a tsaya a karanta wannan kafin ya nutse cikin saƙonni.

Ana ta tambaya wai meye aikin mai tallafa wa ɗan uwansa a harkar lafiyar ƙwaƙwalwa. To ba likita bane ba nas bane, mutum ne da shi ma ya taɓa shiga ciki, ciwon damuwa ko shaye-shaye ko lalurar da ta bar shi da nakasa, ya samu sauƙi aka ba shi horo. Wallahi yawancin aikin ƙananan abubuwa ne, ka raka mutum asibiti ranar da ya kasa fita shi kaɗai, ko ku zauna ku rubuta tambayoyin da zai yi wa likita tunda da yawa in sun shiga ɗakin komai sai ya ɓace musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan aiki cikin jagorar da ta fitar a 2021.

Roƙona, kar wanda ya ce wa wani ya daina magani ko ya rage, wannan tsakaninsa da likitansa ne, maganin damuwa ma yakan ɗau makonni kafin a ji aikinsa. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, banda turawa waje. Amma in wani ya yi zancen kashe kansa ba a rufe wannan, a kira admin nan take a haɗa shi da ma'aikatan lafiya.

Mai son shiga aikin ya min magana ta gefe.