Zuwa ga sabon mai gidan haya

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Hajiya? Ya uwargida da yara? Na san ka cika ka batse, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. Ka yi haƙuri. Hoton gininka da ƙaninka ya turo mini ne ya hana ni barci, na ce yau sai na rubuto. Ashe har an kai linta! Ɗaki shida na haya, kai da muka sani da bashin ƙosai a ƙofar makaranta. Allah Ya sanya alheri, Ya sa a gama lafiya.

Sai dai an ce mini wai kwano kawai za ka buga ka zuba 'yan haya, silin sai daga baya. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don na ɗanɗani irinsa a nan Manchesta.

Gidan da muke haya tsohon ginin jan bulo ne, irin waɗanda aka jera manne da juna tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Hunturunmu na farko a ciki, da an kashe hita, kafin ka shanye shayinka ɗakin ya koma firij. Raɓa na kwarara a jikin taga, baƙar funfuna ta kama kusurwar ɗakin yara, ƙaramar nan takwarar Hajiya ta riƙa kwana tari. Lokacin ne kuma kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, bayan Rasha ta afka wa Yukren a 2022, har sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara.

Ran nan na ɗauki tocila na leƙa saman silin. Akwai wani abu da suke shimfiɗawa a wurin don ya tare ɗumi, kamar auduga yake amma da gilas ake yin sa. Kaurin da ake so milimita 270 ne. Namu ko tsawon yatsa bai kai ba, duk ya kwanta. Alhali gidan da ba a yi wa wannan shimfiɗar ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi yake ficewa. Wato sararin samaniya muke ta ɗumamawa da kuɗinmu.

Na sami mai gidan, ya ce shi bai karya doka ba, kuma gaskiyarsa. A Ingila kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A, mafi kyau, zuwa G, mafi muni. Tun Afrilun 2020 an hana ba da hayar mai F ko G sai da uzurin da aka yi wa rajista, kuma ba a tilasta wa mai gida ya kashe fiye da fam 3,500 wajen gyaran. Namu E ne, da ƙyar ya tsallake. A nan gizo ke saƙar: shi zai biya kuɗin aiki, ni zan ga sauƙin kuɗin gas. Ni kuma yaya zan zuba kuɗina a gidan da ba nawa ba? Kowa ya naɗe hannu, yara na shan sanyi.

Da lissafi na shawo kansa. Na tuna masa waɗanda suka riga mu hunturu ɗaya suka yi suka gudu, gida ya zauna ba kowa, ga fentin da funfuna ke ci masa duk shekara. Ya yi shiru, bayan mako uku sai ga ma'aikata biyu, kafin la'asar sun gama. Bangon dai yana nan da sanyinsa, wannan aiki ne mai tsada, amma yanzu ɗakunan sama suna kai asuba da ɗumi, tarin yarinyar ma ya yi sauƙi. Mun sabunta haya ba gardama.

Af, wai da gaske ne Malam na ƙofar gida ya ƙara aure? Kuma ba wanda ya gaya mini! Ka ce masa ina bin sa goro da alawa.

To kai naka zafi ne, amma maganar ɗaya ce. Ka san Kano a Afrilu, ma'auni ya haura 40, kwano ya yini yana shan rana, da dare ya juye wa mutane. Ka tuna soron kakanku a cikin gari? Tubali da azara, bango mai kauri, da rana sanyi ƙalau, da hunturu ko bargo ba ma nema. Don Allah ka yi silin tun yanzu, ka ɗaga rufin, ka bar kafofin da iska mai zafi za ta fita, ka zaɓi kwano mai haske. In da hali, kafinta ya shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon kafin a buga, don in an rufe, aikin ya zama biyu. Mai jego da jariri za su kwana a ɗakunan nan, kuma fanka ba ta da abin yi in iskar da take kaɗawa ta tanda ce. Wanda ya samu barci a ɗakinka da bazara ba zai tashi ba ko ka ƙara masa haya.

Ƙanen matata zai zo ƙarshen wata, ka ba shi yajin nan na uwargida da kilishi... a'a, bar kilishin, ba sa bari a shigo da nama. Yajin dai, mai yawa. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum.